Hutun Malamanmu Da Abin Da Za Su Karanta

Ga hutun bazara ya ƙarato. Makarantun hukuma za su rufe, namu na unguwa kuma, da na allo da na dare, bisa al'ada sai su bi sahu, gama yara sun watse, waɗansu sun hau Ɗa'ifa shan iska, waɗansu an kai su Jidda wurin dangi. Kowace shekara in wannan lokaci ya zo mu kan yi magana a kan yara, inda za a sa su da yadda za a tsare su daga yawon titi. Bana muna so mu juya maganar wajen malamansu, don mun ga ba mai tambayar yadda malami zai yi da wata biyun nan, balle a tambayi abin da zai ci a cikinsu.

Abin da ya sa muka ɗauko maganar yanzu shi ne lokaci ya juya. Kowa ya san shekarar wata ta gaza shekarar rana da kwana 11 ko kusa da haka, saboda haka aikin Hajji ya kan ja baya kowace shekara. A 2017 an yi tsayuwar Arfa ranar 31 ga Agusta, a 2019 ranar 10 ga Agusta, a 2022 ranar 8 ga Yuli, a 2023 ranar 27 ga Yuni. Watau shekarun nan Hajji da dogon hutun makaranta tare su ke zuwa. A 2025 Arfa ta faɗo 5 ga Yuni, a 2026 kuwa ƙarshen Mayu, tun shekarar karatu ba ta ƙare ba. Daga nan haka za ta yi ta ja baya, ta shiga Afrilu, ta shiga sanyi, ba kuwa za ta sake komowa ƙarshen Agusta ba sai wajen 2050, sa'ad da yaran da ke riƙe da allo yau sun zama iyayen yara.

To, a shekarun da Hajji ke faɗowa cikin hutu, ba mai bukatar tambayar inda malami ya ke. Yana wurin baƙin Allah. Wani ya zama tafinta tsakanin alhazan Kano ko na Maraɗi da masu masauki, wani yana koya wa tsofaffi yadda a ke ɗawafi da sa'ayi, wani yana zaune a shagon ɗan'uwansa yana taya shi sayar da dabino da darduma da tasbaha ga masu neman tsaraba. Aiki ne mai lada, ya kan kuma sami abin da zai riƙe gida da shi har a koma makaranta, wani lokaci ma har ya yi ragowa. Saboda haka iyaye suka saba, da an rufe makaranta sai su rufe hannu, malami kuwa ba ya magana, don yana da inda zai nufa. Sai dai littafinsa ne ke kwana a kan kanta yana shan ƙura, gama wanda ya wuni a kan ƙafa cikin rana ba ya iya buɗe littafi da dare.

Yanzu wannan ƙofa ta rufe. Hutu ya zo wa malami babu alhazai a gari, sai masu Umra jefi jefi. Abu biyu ke nan ya samu a lokaci ɗaya, sarari da rashi. Sararin kyauta ce daga Allah, wadda malamanmu suka yi shekaru ba su sami irinta ba. Rashin kuwa, in muka bar shi, shi zai cinye sararin, don malamin da ba a biya shi ba zai fita neman dako ko jiran shago ko tuƙa motar wani, ya komo makaranta a Agusta da abin da ya tafi da shi, ko ma ƙasa da haka. Ga kuma gyaran gari da ya ci gidaje da yawa tsakanin nan da Harami, jama'a sun warwatsu, malamin da ke da ɗalibai cike da zaure dā yanzu rabinsu sun yi nisa. Wannan shi ne abin da mu ke so jama'a su duba da idon basira.

A nan ƙasar hutu ijaza a ke ce masa. Mu kuwa da muka tashi gaban malamai, in an ce ijaza abin da mu ka sani shi ne iznin da shehi ke ba almajirinsa bayan ya sauke littafi a gabansa, ya ce ya yarda ya karantar da shi. Kalma ɗaya ce. Abin da mu ke fata shi ne malamanmu su shiga ijazar farko su fito da ta biyu.

Wannan kuwa ba baƙon abu ba ne gare mu. Makarantar allo a ƙasar Hausa ba ta san dogon hutu irin na boko ba, hutunta Alhamis da Juma'a ne, da kwanakin Salla. Amma malami ya san lokacin da zai bar garinsu ya tafi ƙarin karatu. In an yi girbi an kai amfanin gona rumbu, sai ya ɗauki gafakarsa da buzunsa. Mai son gyaran Alƙur'ani ya yi gabas, wajen Barno. Mai son nahawu da lugga ya nufi Zariya. Mai son fiƙihu ya sauka Madabo a cikin birnin Kano. Mutum da gemunsa da almajiransa zai durƙusa gaban wani malami ya ɗauki darasi, ba wanda ya ke ganin wannan ƙasƙanci ne. Garin da ya sauka kuwa su ke ci da shi, maƙwabta su aiko da akushi, attajiri ya ba shi zaure. Jama'a sun san karatun malami nasu ne, shi ya sa su ke ɗaukar nauyinsa.

Kakanninmu da suka taka ƙasa suka zo nan, ta Fallomi da Darfur har Sawakin, waɗansu suna shekaru a hanya, da wannan hali suka zo. Alfa Hashim, wanda ya yi gabas bayan yaƙin Burmi na 1903, ya zauna Madina yana karantarwa har ya rasu a 1931. Shaihu Abdurrahman al-Ifriƙi, mutumin ƙasar Mali, ya zo almajiri ya zama malamin hadisi a Darul Hadisi ta Madina, ya rasu a 1957. Ɗalibinsa Shaihu Umar Fallata ya yi shekaru masu yawa yana karantarwa a Masallacin Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, har ya rasu a 1999. Duk wanda ya zauna kan kujerar nan sai da ya daɗe a kan tabarma. Abin kunya ne a ce su sun ratsa hamada don su kai ga malami, mu kuwa da ke jin kiran sallar Harami daga unguwarmu mu bar malaman 'ya'yanmu ba su da halin zuwa su zauna a majalisin karatu.

Abin da ya ƙara mana ƙarfin gwiwar yin wannan rubutu shi ne wata takarda da ɗaya daga cikin malaman unguwa ya kawo wa Liman, ya ce ga yadda ya tsara hutunsa, yana neman shawara da addu'a. Bai yarda a faɗi sunansa ba, amma ya yarda a bayyana abin da ke ciki ko wani ya amfana. Mun ga ya kamata mu shimfiɗa shi a nan, don ya fi dogon wa'azi.

Makon farko, in ji shi, ba zai taɓa littafi ba sai Alƙur'ani. Zai huta, ya zauna da iyalinsa, ya ziyarci dangi da marasa lafiya waɗanda aikin makaranta ya hana shi zuwa wurinsu. Mun yaba wannan ƙwarai. Wanda ya yi shekara yana fama da yara tun safe har dare, muryarsa ta dushe, haƙurinsa ya yi ƙaranci, yana da hakkin ya miƙe ƙafa. Jaki ma a kan sauke masa kaya. Kada wani ya ga malami zaune a ƙofar gida cikin makon nan ya ce ai ga irin abin da mu ke biya.

Bayan wannan sai ya raba wuninsa kashi uku. Da asuba tilawa, hizbi biyu kullum, yana karantawa wani mahaddaci yana sauraronsa. Alƙur'ani hizbi 60 ne, saboda haka wata ɗaya sauka ɗaya, kafin a koma makaranta ya kusa sauka biyu. Ya ce dalilinsa shi ne, mai koya wa yara ƙananan surori kullum bakinsa ya kan saba da ƙasa, sama ta yi masa nauyi, kuskure kuma ya kan shiga karatu a hankali ba tare da mutum ya ji ba, sai wani kunne ya kama shi. Kuskuren da ya zauna a bakin malami kuwa ya zauna a bakin yara arba'in.

Kashi na biyu tsakiyar rana ne. Kun san zafin Makka ba sai an gaya muku ba. A lokacin Hajjin 2024 awon zafi a Harami ya kai 51.8, hukuma kuma ta ba da sanarwar rasuwar alhazai 1,301, Allah ya jiƙansu. Dokar ƙasa ma ta hana sa ma'aikata aiki a rana daga ƙarfe 12 zuwa ƙarfe 3, tun daga 15 ga Yuni har 15 ga Satumba. Sa'o'in nan da kowa ke ɓuya a ɗaki, waɗansu na barci, waɗansu na shafa waya har la'asar, su ne malamin ya keɓe wa karatu. Ya ce zai riƙa tafiya Harami kafin rana ta yi tsaka, ya zauna a ɗakin karatun da ke cikin masallacin, a sashen Sarki Fahad, inda akwai sanyi da shiru da littattafai ba da ko sisi ba. Kashi na uku bayan magariba, ya zauna a majalisin wani shehi ya karanta abin da ya duba da rana, a gyara masa.

Littafin da ya sa a gaba shi ne Risala ta Ibn Abi Zaid, malamin Ƙairawan wanda ya rasu a 996. Wani zai ce ai Risala karatun yara ne, wa bai karanta ta ba? Amsa ita ce, wanda ya karanta ta yana ɗan shekara goma sha biyar ya karanta ne don ya wuce, wanda ya koma mata yana malami zai karanta don ya bayar. Asalinta ma wani malamin yara ne ya roƙi mai littafin ya rubuta masa taƙaitaccen abin da zai koya wa ɗalibansa. Babi 45 gare ta, in an ɗauki babi ɗaya a wuni, dogaye a raba su biyu, hutu ya isa a sauke ta. Akwai kuma wani amfani da ya shafe mu musamman. Yaranmu a gida suna ganin iyayensu a kan mazhabar Malik, a makarantar hukuma kuma a karanta musu fiƙihu a kan ta Ahmad ɗan Hambali. Yaro ya kan komo ya ce Baba sallarka ba daidai ba ce, ko ya ce malamin makaranta ne bai sani ba. Malamin unguwa shi ne a tsakiya. In ya san mas'alar da tushenta, ya san inda malamai suka saɓa da dalilin kowa, sai ya kwantar da hankalin yaro ba tare da ya zubar da girman uba ko na makaranta ba. In bai sani ba, sai ya yi tsawa, tsawa kuwa ba ta kashe tambaya.

Na biyu ɗan ƙaramin littafi ne na Muhammadu ɗan Sahnun, shi ma mutumin Ƙairawan, wanda ya rasu a 870, a kan ladubban malaman yara. Ya yi magana a ciki kan ladan malami, da daidaita yara ba fifita ɗan mai kuɗi, da hutun da a ke ba su a Salla, da iyakar horo. Mu kan ɗauka koyarwa ba ta bukatar koyo, wanda ya sauke sai a miƙa masa bulala a ce ga yara. Ashe fiye da shekara dubu da suka wuce malamai sun zauna sun rubuta ƙa'idodin wannan sana'a. Muna so iyaye ma su ji abin da ke cikinsa, don rabin maganar tasu ce.

Na uku Infaƙul Maisuri na Muhammadu Bello ɗan Shehu Usmanu, wanda ya gama a 1812. Cikakken sunan littafin ya ce tarihin ƙasashen Takrur ne. To, ga mu nan a na kiranmu Takari, yaranmu waɗansu suna jin sunan kamar zagi, har su ɓoye harshensu in sun shiga cikin abokai. Ba su san suna ne na ƙasa mai sarakuna da malamai da littattafai ba. Malamin ya ce yana so in yaro ya tambaye shi daga ina mu ke, ya iya ba shi labarin Katsina da Gobir da Barno da sunayen malamansu, ba ya ce masa kawai daga Afirka ba. Mun ga wannan babban abu ne. Yaron da ya san asalinsa ba ya sunkuyar da kai, ba ya kuma raina ƙasar da ya tashi a cikinta.

Na huɗu kuwa karatun Hausa ne, shi ne kuma ya fi ba waɗansu mamaki. Ya ce zai riƙa duba tarjamar ma'anonin Alƙur'ani ta Shaihu Abubakar Mahmud Gumi, wadda a ke bugawa a ma'aikatar buga Alƙur'ani ta Sarki Fahad da aka buɗe a Madina a 1984, da dare kuma ya karanta wa 'ya'yansa Magana Jari Ce ta Abubakar Imam. Dalilinsa, Hausarmu ta nan ta sha Larabci har ta ƙoshi. Mu kan fara zance da Hausa mu ƙare da Larabci ba mu sani ba. Wannan ba ya ɓata ciniki, amma yana ɓata fassara. In tsohuwa ta zo daga Damagaram ko Zamfara ta yi tambaya kan tsarki ko gado, tana bukatar amsa da Hausar da ta sani. Imam kansa malamin makaranta ne a Katsina sa'ad da ya fara rubuta littafi, kafin ya zama editan Gaskiya Ta Fi Kwabo a 1939. Hausarsa kuwa ta isa a wanke baki da ita.

A makon ƙarshe ya yi niyyar zuwa Madina. Tashar jirgin ƙasa na Haramaini, wanda ya fara aiki a 2018, a nan Rusaifa ta ke, tafiyar kilomita 450 kuwa ba ta kai sa'a uku ba. Hanyar da magabata ke yi kwana da kwanaki a kan raƙumi, yau mutum ya yi sallar asuba a nan ya yi walaha a can. Zai yi ziyara, ya gai da malamai, ya sayo littattafan da zai yi shekara da su. Ya rufe takardarsa da cewa duk wannan niyya ce, cikarta sai in Allah ya hore abin da gida zai ci.

Wannan jimla ta ƙarshe ita ce tamu. Mun san abin da waɗansu 'yan kasuwa za su ce, don mun sha ji. Za su ce a kasuwa ba a biyan wanda bai zo aiki ba, don me za a biya malami wata biyu yara suna gida? Muna amsa musu da harshen kasuwa. Wane ɗan kasuwa ne ke sayarwa shekara guda bai je saro ba? Ranar da ka rufe shago ka tafi Jidda ɗauko kaya, ba ka ce ka yi hasarar wuni, don ka san in ba ka je ba kanta za ta bushe. Malami wata goma yana sayarwa. Wata biyun nan su ne saronsa. Wanda ya hana shi kuɗin saro kada ya yi kuka in ya ga abin da a ke ba ɗansa bana shi ne na bara, shi ne na bara waccan.

Waɗansu kuma za su ce ilmin addini don Allah a ke yi, ba don kuɗi ba. Gaskiya ne, malamanmu kuwa sun nuna haka, gama da don kuɗi su ke yi da tuni sun bar allo sun kama wata hanya. Amma mai gidan haya ba ya karɓar lada a madadin riyal, mai shago ma haka. Kuɗin Laraba da iyayenmu suka ɗora wa kansu a ƙasar Hausa ba sayen karatu ba ne, tsare mutuncin malami ne don kada ya miƙa hannu. Mai cewa malami ya yi don Allah, shi ma ya bayar don Allah.

Kada kuma a manta da malamai mata. Su ne ke riƙe da ƙananan yara da 'yan mata da matan aure a cikin gidaje, su ne kuma hutu ya fi ci, don da an rufe makaranta aikin gida ya ninku, ga baƙi, ga yara wuni a ɗaka. Nana Asma'u 'yar Shehu, wadda ta rasu a 1864, ba ta tsaya ga karantar da mata kawai ba, sai da ta riƙa tara jajis, watau shugabannin 'yan taru, tana ƙara musu karatu su koma ƙauyuka su bayar. Ta san mai bayarwa sai an riƙa zuba masa. Muna roƙon mazan da matansu ke karantarwa su ba su sa'a biyu a wuni waɗanda ba mai kiransu, su kuma kai su Harami ko wurin malama in sun nema. Wannan ba ya cin riyal ko ɗaya.

Ga abin da mu ke nema ga jama'a, bayan shawara da Liman da dattawan ƙungiya. Na farko, iyaye su ci gaba da biyan abin da suka saba biya cikin watannin hutu, ko yaro yana gari ko ba ya nan. Wanda ba shi da hali ya zo ya faɗa wa Liman a asirce, ba mai jin labarinsa. Na biyu, 'yan kasuwa da masu sana'a su ɗauki nauyin abin da ya ragu. Mai iya ɗaukar malami guda wata ɗaya ya ɗauka, masu ƙaramin ƙarfi su haɗu biyar ko goma. Wanda ya fi son ya sayi littafi ya saya, a rubuta waƙafi a bangonsa, a ajiye inda kowane malami zai ara ya mayar. Gidaje da yawa kuma akwai littattafan iyaye da kakanni a cikin akwati tun ƙaurar da aka yi, ba mai buɗe su sai gara. A fito da su. Mai littafi ya fi son a karanta shi ya tsufa da a adana shi ya ruɓe.

Na uku ga malamai ne. Tun da mun nema muku hakkinku, ku ma akwai na jama'a a kanku. Kowane malami, namiji ko mace, ya rubuta a takarda guda littafin da zai karanta, da wanda zai karanta a gabansa, da lokacin da ya keɓe, ya kawo wa Liman kafin a rufe makaranta. Ba sai ya kai na ɗan'uwanmu da muka ambata ba. Littafi ɗaya da aka sauke ya fi biyar da aka buɗe aka bari. Wannan ma sunnar malamanmu ce, gama Abdullahi ɗan Fodiyo ya rubuta littafi guda, Ida'un Nusukh, don kawai ya lissafa malamansa da abin da ya karanta a wurin kowannensu. Muna kuma yi muku nasiha da wayar nan ta hannu. Akwai alheri a cikinta, akwai karatuttukan malamai, amma mai sauraron guntun wa'azi ashirin a wuni ba ya fita da babi ɗaya. Waya ba ta tsayar da kai ta ce maimaita, ba ta kuma ba da ijaza.

Na huɗu, in an koma makaranta, za a sa dare ɗaya ɗaya bayan lisha, kowane malami ya zauna gaban iyaye ya ba da bayanin abin da ya karanta da Hausa, a yi masa tambaya, malamai mata kuma su yi nasu a cikin gida. Ba jarrabawa ba ce, ba kuma don a kunyata kowa ba. Wanda ya ba da kuɗinsa ya ga abin da aka saro, wanda ya yi karatu kuma ya fara fitar da zakkarsa.

Jama'a, sararin nan da Allah ya kawo zai daɗe, shekara ashirin da ɗoriya. In muka kafa wannan al'ada tun bana, malamin da ke sauke littafi ɗaya kowace bazara zai zama wani abu kafin yaran da ke gabansa su yi aure, zangonmu kuma ya sami masu ba da fatawa daga cikinsa. In muka yi sakaci, malamai za su saba da neman abinci a wani wuri, wanda ya tafi kuwa da wuya ya komo. Masu niyyar taimako su sami Liman ko magatakarda bayan sallar la'asar, kafin makarantu su rufe.

Allah ya saka wa malamanmu da alheri, ya jiƙan waɗanda suka karantar da mu, ya sa albarka a kasuwar masu bayarwa, ya shirya mana zuriya. Amin. Wassalam.